Ranar da Na Wanke wa Inna Ƙasa

Wata uku kacal na yi ina aiki a wani kemis a Iyana Ipaja, amma kai ka ce ni na ƙirƙiro likitanci. Abu ɗaya na haddace: ƙwayoyin cuta. Ko kofin ruwa aka miƙo min sai na yi masa kallon banza.

A bayan ɗakinmu a Agege mahaifiyata, Inna, tana da lambu, in dai jarkoki takwas da aka yanke musu kai sun isa a kira su lambu. Yakuwa ce a ciki da alayyafo da barkono. Ƙasar kuwa ita ta haɗa abarta: kashin awaki, toka, ɓawon doya, da dattin tumbin shanu da take roƙowa a mayanka. Baƙa wuluk, ga tsutsotsi suna yawo. Ni ƙyama take ba ni.

Da Inna ta tafi Katsina gaisuwar mutuwa, sai ta bar min ban ruwa. Ban ruwa kawai fa! Amma ina, likita ta samu majinyaci. Na dama maganin wanke masai a bokiti, na shayar da kowace jarka har ta ƙoshi. Na tsaya ina shaƙar warin asibiti ina jin daɗi, sakarya kawai.

Kwana uku ganye ya yi yaushi, tsutsotsin suka fito sama suka bushe.

Inna ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya baya. Ganyen bai dame ta ba. Ta tsuguna, ta damƙi ƙasar, ta sansana.

"Wa ya kashe min ita?"

Na ce, "Inna, cuta na kashe. Ƙasa ai ba ta da rai."

"To wa yake cinye ɓawon da nake zubawa? Ke?"

Da na kai ƙara wurin ogana mai kemis, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke ruɓar da taki ya zama abincin saiwa, ni kuma na gama da su kaf. Kunya kamar in nutse.

Na sayo takin zamani da sabon iri na kai mata. Ta ce in ajiye can.

"Iri ba wuya, 'yar nan. Ƙasar ce tun kina goye nake kiwonta. Gwiwoyin nan ba za su sake kai ni mayanka ba."

Washegari ta kwashe jarkokin zuwa bola da kanta, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗingishi. Ko guda ba ta bari na ɗaukar mata ba.