Ƙeyar Sakata

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tsaron ƙofar shiga jirgin ƙasa a wata tasha, amma ko mutum ɗaya bai taɓa yi masa fatan alheri ba. Sakata ake ce masa. Busasshen mutum ne, kullum fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Jirgi biyu ke tsayawa a tashar: na safe mai zuwa babban birni, da na la'asar mai dawowa. Doka ta ce idan an kaɗa ƙararrawa, saura minti biyar jirgi ya tashi, a rufe ƙofa. Sauran ma'aikata kan bar 'yar kafa saboda masu gudu. Shi kuwa gogan sai ya danna sakata, ya juya wa jama'a ƙeya, ya kafe kamar turke. Mai ciki ta yi kuka a bayan ƙeyar nan, mai sanda ya yi roƙo, ɗaliba ta rasa jarrabawa. Ko gezau! Mugun ma har alfahari yake yi.

Da ya kusa ritaya aka turo wanda zai gaje shi, wani magidanci mai sanyin hali. Wata uku Sakata yana gasa masa aya a hannu. "Tausayi ta ido yake shiga," in ji shi. "Juya musu baya, ka dubi agogo."

Bara, bayan ya yi ritaya, aka bugo wa Sakata waya daga asibitin birni, aka ce jikin yayarsa ya yi tsanani, sunansa kawai take kira. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ya fito da ciwon gwiwa yana ɗingishi. Yana kan matakalar tasha ƙararrawa ta kaɗa, kafin ya iso ƙofa an danna sakata.

Ga jirgi nan a tsaye, taku goma.

"Ɗana, ni ne fa! Yayata ce ba lafiya, don Allah!"

Kafaɗar magajin nasa ta motsa, alamar ya gane muryar. Amma bai waiwayo ba.

Mai shara ta dogara da tsintsiyarta ta ce, "Baba, ai ya iya aiki. Kai ka koya masa."

Da la'asar, yana zaune kan bencin tasha bai ko motsa ba, waya ta sake ƙara. Aka ce masa ba sai ya yi sauri ba, rai ya yi halinsa.