Layi Biyu a Jadawalina

Yayana ya kan ce ban taɓa yin karatun da ya dace da halina ba sai wannan. Tun ina ƙarama ni ce mai kasa kunne a bayan zana, to ga shi yanzu za a ba ni digiri a kan sauraren maganar mutane. Shi manomin wake ne a garinmu Barkiya, ni kuwa ina Dutsin-Ma ina digiri na biyu. Bincikena a kan yadda mutanen ƙauyukanmu suke sanar da juna ta waya ne idan 'yan bindiga suka fito.

Mutanenmu ba su cika rubutu ba, murya suke turawa. Kowane gari da guruf ɗinsa a waya, 'yan acaɓa da nasu, masu hatsi da nasu. Da safe wani zai ce hanya lafiya, wani ya ce a dakata. Na bi shugabanninsu ɗaya bayan ɗaya da takardar neman izini har suka sa ni a guruf tara. Ban san wani mahaluki da ke cikinsu duka ba sai ni, kuma yayana ya san haka.

Saƙonnin sun yi mini yawa. Waya ta dinga ƙara ina aji, ina salla, ina tuƙa tuwo. Ga shi na karanta a littattafai cewa mai bincike kallo da saurare ne aikinsa, ba ya sa baki. Na riƙe wannan magana kamar karatun allo, don ni idan na kama abu ba na saki. Sai na kashe ƙarar guruf ɗin gaba ɗaya, na ware Asabar don saurare. In zauna da abin saurare a kunne, in rubuta kowane saƙo a jadawali: lokaci, gari, abin da aka ce, an amsa ko ba a amsa ba. Har alfahari nake da tsarin nan.

Wata ranar kasuwar Dutsin-Ma aka tare hanyar daji da hantsi. Yayana yana kan babur da buhun wake. Kafin azahar an kira ni, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Na yi kuka irin na kowace ƙanwa, na ce kwana ya ƙare, kuma haka ne.

Sai bayan sadakar arba'in na koma kan aikin. Na jera saƙonnin ranar bisa lokaci, yadda na saba. Bakwai saura kwata, guruf ɗin 'yan acaɓan Kurfi: an ga babura a kwarin da ke kan hanyar, kada kowa ya bi. Na rubuta. Na danna na gaba, bakwai da minti biyar, guruf ɗin garinmu, sai muryarsa ta cika mini kunne, ga kukan zakara a bayansa.

"Ke Malama mai digirin gulma, ke da kunnenki ke ko'ina, hanya lahiya? Gaya mani in tahi ko in zamna. Ina nan bisa tudu ina jiran ki."

Tudun nan na san shi, nan kaɗai sabis ke kamawa a garinmu, kira ma yankewa yake yi. Ba wanda ya ba shi amsa, don ba wanda ya sani a guruf ɗin. Wani dattijo dai ya ce Allah ya tsare. Ni a lokacin wayar tana cikin jakata, ina guge hijabi.

Malamin da ke duba aikina mutumin kirki ne. Da na ba shi labari, ya ce ba shi ya ce in kashe ƙara ba, littattafan ma ba su ce ba, amma kada in ɗora wa kaina abin da Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara. Haushin kaina ne bai bar ni ba, har yau ina jin sa.

Na yi niyyar in bar abin a cikina. Amma da na je gida, Inna ta ce ta ji an ce ina tara muryoyin mutane, ko akwai ta ɗanta. Ban iya yi mata ƙarya ba. Na kunna mata a tsakar gida tana tsince wake daga cikin nomansa na ƙarshe. Da ya ce digirin gulma har ta yi murmushi. Ta sa na maimaita sau uku, ta share ido da bakin zane. Sannan ta dube ni, ba da wata manufa ba, so kawai take ta ji ƙarshen hirar 'ya'yanta.

"To ke mi kika ce mashi?"