Baba Na'ibi da Ramin Samudawa

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Ammariyya a Jidda a shekarun sittin ya san ranar da Baba Na'ibi mai tsire ya faɗa rami. Yana tsaye ya ba ramin baya, tsinken tsire a hannu, yana yi wa wasu baƙin alhazai bayani. Ya ja da baya don ya nuna musu faɗin wurin, sai muka ga hula a ƙasa, mai ita babu.

Ramin nan tsohuwar ma'ajiyar ruwan sama ce da aka gina da dutsen teku, rufinta ya rushe tun ba a haife mu ba. Ba abin da ke ciki sai sauro da gwangwanaye. Ga shi ya cinye rabin hanya, motar ruwa ba ta iya shigowa, kullum sai an fita bakin titi da garewani. Duk lokacin da muka shirya cike shi, sai Baba ya jawo teburin tsirensa ya dasa a baki, ya zauna abinsa. Wa zai ɗaga dattijo da garwashinsa?

Hujjarsa ɗaya ce, kakarsa. Ita ta zo da ƙafa daga ƙasar Katsina, ita kuma ta gaya masa Samudawa ne suka haƙa ramin. Wai ma mace ɗaya ce cikinsu ta kwashe ƙasar da ludayi. Bayan sun shuɗe, alhazan farko daga ƙasarmu suka sha ruwansa, kowa ya aza dutse a baki don tunawa da wanda ya rasu masa a hanya. Baba ya san sunan kowane dutse. Sai dai sunayen kan canza daga Juma'a zuwa Juma'a, in ka yi magana ya ce kunnenka ne.

Husaini direba, haifaffen Jidda, mai kiran Baba "ya ammi", wato kawu, shi ya fi kowa ƙulewa.

"Ya ammi, wallahi Turkawa ne suka gina shi. Kowa ya sani!"

"Turkawa? Kai ka taɓa ganin Baturke da ludayi?"

Ni ma na taɓa gwada sa'ata. Na ce, "Baba, to sauron fa?" Ya ce ai su ma tun wancan zamani suke nan, ba su kashe kowa ba. Na koma gida ina sosa ƙafa.

Matarsa, Inna Mastura, ita ta buɗe mini cikin maganar. 'Ya'yansu sun tashi da Larabci a baki, da ya fara labarin sai su ce "ɗayyib, ɗayyib", wato "to, to", su sulale. Gani yake in aka cike ramin ba shi da abin nunawa, labarin kakarsa ya bi ta kabari ke nan.

To, ranar da ya faɗa, da igiyar shanya muka jawo shi, ya yi buɗu-buɗu, ƙafa ta gurɗe. Kafin mako labari ya kai har unguwar Bani Malik. Yaran layi suka mai da abin wasa: ɗaya ya riƙe tsinke, ya kumbura murya, ya zayyano Samudawa da ludayi da duwatsun alhazai tiryan-tiryan, sannan ya tafi da baya ya zube. Har jikokinsa a ciki, da Hausarsu mai tsallen baɗake. Baba yana jinya a ƙofar gida yana kallo.

Da ya warke, shi da kansa ya janye teburin. Ya sa aka kwashe masa duwatsun bakin ramin aka jera ƙarƙashin murhunsa. Muka cike rami da sauri kafin ya sake shawara, motar ruwa ta shigo har ƙofar gidansa, kuma shi aka fara tsiyaya wa.

Husaini dai bai bar shi ya huta ba. "Ya ammi, ashe Samudawan ba sa tare baƙo in ya faɗo?"

Baba ya juya tsire, bai ko ɗago kai ba.

"Ku yi ta dariya. Shekara da shekaru ina roƙonku ku saurara, babu mai ji. Yau ɗanka ma ya san matar nan mai ludayi. Da na san haka abin yake, ai da tuni na faɗa. Yalla, maza miƙo yajin nan."