Takalman Hannu na Taya

Jiya warin taya a titin Lalala ya tuno mini da dattijon unguwarmu. Shekarun da arzikin fetur ya cika Libreville da taksi, bayan gobarar rumfata, shi ke yanka tsohuwar taya yana yi wa yara masu shan inna takalman hannu, su yi ƙwallo da rarrafe, duk don Allah.

Autana Isa, da shi ma shan inna ta kama, ya ƙi fita, wai kunya. Ni kuwa ba na roƙon kowa. Dattijon ya zo da kansa, ya durƙusa ya rarrafo tsakar gida, farar rigarsa duk jar ƙasa.

"Maman Isa, kauce, golana nake nema!"

Yaro ya tuntsire da dariya, ya bi shi.

Yau daga ni sai Isa muka rage. Allah ya yalwata wa dattijon makwanci.