Arewar da Autanmu Ya Nuna wa Baba

Har yau in na ji wani ya ce gurguwar Hausar yaran Makka ba ta da illa, ai ana gane abin da suke nufi, sai raina ya ɓaci. Kalma ɗaya autanmu ya ajiye ba a wurinta ba, ita ta raba mahaifinmu da ƙaninsa, su biyun da suka rage a ɗakinsu.

Baba ya baro ƙauyensu na wajen Haɗeja yana saurayi, ya biyo ta Sudan, ya zo Makka ya zauna. Mu duk a nan aka haife mu. A shekarun da ake ta rushe gidaje don faɗaɗa Harami, muna zaune a hawa na biyu a unguwar Rusaifa, ni nake riƙe da Baba tun bayan rasuwar Inna, ina ɗinkina a falo. Hawan jinin ido ya riga ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan kuma likita ya ce yana kan hanya.

Baffa, ƙanin Baba, shi ya zauna a gida yana noman fadamar da suka gada. Duk Juma'a in an sauko sai sun yi waya, ka ji tsofaffi biyu suna tsokanar juna a kan wanda ya fi tsoron kada suna yara. Sai dai Baffa ya fara kawo kuka. Ruwa ba ya zuwa yadda ya saba, kacalla, doguwar ciyawar nan, ta toshe hanyoyinsa, shinkafa ba ta yi, kifi ya yi ƙaura. Baba ya ce Allah ya kyauta, amma in ya ajiye waya sai ya juyo gare ni. "Fadamar da nake yini a kwalekwale ban kai ƙarshenta ba, a ce ta mutu?" Bai ƙaryata ƙaninsa ba, bai kuma gaskata shi ba.

Shi autanmu Larabci ya fi zama a bakinsa. Hausarsa ta aike ce, kawo ruwa, rufe ƙofa. Kai kam Allah ya ba shi, ya yi karatu har ya samu aiki a Kanada. Yadda ya yi mini bayani, tauraron ɗan Adam ke harbo rada ƙasa, ta ratsa gajimare ta dawo, su kuma daga abin da ya dawo su zana taswirar inda daji yake da inda ruwa ya kwanta. Wata rana Baba ya tambaye shi a waya, wai shin aikin me yake yi ne takamaimai. Abin da ke ransa shimal ne, arewacin duniya, can ƙasar ƙanƙara. Sai ya buɗe baki ya ce, "Baba, ina zana dazuzzuka da fadamun arewa." To a wurin Baba Arewa guda ɗaya ce tak.

Ina zaune a kan keken ɗinki na ji komai. Ranar na kira auta na ce ya gyara maganarsa. Dariya ya yi. "Adi, Yaya, bar shi ya ji daɗi." Adi, wato ba komai. Na tsani kalmar nan daga ranar.

Baba ya ɗauki zance ya kai wa tsofaffin da suke shan shayi tare a ƙofar masallaci. Ya kuma gaya wa Baffa, "Ɗanka zai zo hutu da na'urarsa. Zan ga fadamar nan da idona kafin ya rufe." Na sake kiran auta, ya sake cewa adi.

Da ya zo, Baba ya gayyato abokansa biyu bayan la'asar. Aka zauna a kan kafet, auta ya buɗe kwamfuta. Hoton toka-toka ne, kamar an watsa garin gero a baƙin faranti. Ya yi bayani cewa baƙin ruwa ne, farin kuma itatuwa ne da ke tsaye a cikin ruwa. Ina shigowa da shayi na gane hoton. Ya taɓa turo mini shi, tare da nasa hoton yana tsaye cikin ƙanƙara har gwiwa, ya ce ga inda yake aiki. Na tsaya da faranti a hannu ina jira ya faɗi gaskiya. Sai ya ɗora yatsa a kan wani ƙaton baƙi ya ce, "Baba, ga fadamarka."

Baba ya matso har hancinsa na taɓa gilashin, ya karkata kai don idon da ya rage. Ya dinga bin gefen baƙin da yatsa. "Nan ne mashayar shanu. Nan muke su da rani. Kun ga wannan lungun? Nan kada ya kori ƙanina." Yana dariya hawaye na zuba, tsofaffin nan suna ta sa wa yaro albarka.

Na ja auta zuwa kicin na rufe ƙofa. Na ce, "Kai wane irin mutum ne?" Ya fito da wayarsa ya nuna mini wani hoton. Ya ce ya nemo hoton fadamar ta gaskiya tun kafin ya taso. Baƙin da ke ciki bai fi zare ba, sauran duk kacalla ce da busasshiyar ƙasa.

"Wannan zan nuna masa, Yaya? A gaban mutane, da ragowar idonsa?"

"Tausayinsa kake ji, ko kunyar a ce Hausarka ce ta kwafsa? Baffa fa, da yake faɗin gaskiya?"

"Baffa ina zai sani?"

Juma'ar da ta biyo baya Baffa ya kira. Ashe magana ce da shi mai nauyi. Ya gaji, 'ya'yansa sun matsa ya bar fadamar ya koma gari wurinsu, amma ba zai ɗaga ƙafa ba sai da iznin yayansa. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Na gan ta da idona, cike take maƙil. Ashe duk shekarun nan ƙarya kake shirga mini don ka yar da gadon ubanmu." Sai Baffa ya ce, "Yaya, ni kake ce wa maƙaryaci?" Baba ya kashe.

Ban jira ba. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, shimal da Arewa, ƙanƙara, hoton da ke cikin wayar auta. Ya ce, "Ke ɗinki kika sani. Hassada kike yi wa ƙaninki?" Na janyo auta daga ɗaki na tsayar da shi a gabansa. Yaron nan ya sunkuyar da kai, ya koma Larabci, wai irin waɗannan hotuna fassararsu tana da wuya. Abin da ya iya faɗa ke nan. Wallahi da ba a gaban Baba ba ne, da na mare shi. Hutunsa ya ƙare ya hau jirgi, ya bar ni da ɓarnar.

Ni na ci gaba da kiran Baffa ranar Juma'a. Na yi masa bayani, ya ce ya fahimta, ba laifin yayansa ba ne. Bai bar fadamar ba kuwa, tunda ba a ba shi izni ba, ya zauna yana fama da kacalla da tsufansa. Duk ƙarshen waya sai ya ce, "Yana kusa?" In miƙa wa Baba, shi kuma ya kau da kai.

Sai da idon ya rufe gaba ɗaya sannan auta ya samu ƙarfin hali. Ya kira yana kuka, ya ce ƙarya ya yi, zai turo hoton gaskiya. Ya turo wa wa? Da wane idon za a duba? Baba ya ce, "Yayarka ce ta matsa maka, na san halinta. Abin da na gani na gani, shi ne ma abu na ƙarshe da na gani sosai."

Baffa ya rasu da damina, a ƙauyen. Aka yi zaman makoki a gidanmu na Rusaifa, auta ya zo ya zauna a gefen Baba. Ina daga bakin ƙofa Baba ya ɗaga hannu yana yi wa ƙaninsa addu'a. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa, har da ƙaryar da ya yi mini. Ni na yafe masa."

Da kunnena na ji auta ya ce amin.