Ranar Duba Haɓa

A shekarun da rikici ya koro mutanen ƙauye zuwa Maiduguri, na koyar da karatu a wani gida a Gomari, inda wata ƙungiya ke ajiye yara maza da ba su da kowa. Dokar gidan ita ce duk wanda ya cika shekara sha takwas ya tattara ya ba wani wuri. To, wa ya san shekarunsa? Wanda ya gudo ko takalmi babu, ina ya ga takardar haihuwa?

Sai shugaban gidan, wani mai tumbi da ke zuwa yana baza ƙamshin turare, ya ɓullo da tasa dabarar. Duk ƙarshen wata a jera masa yara a tsakar gida, ya bi su yana kama haɓarsu yana juyawa a rana, kamar mai tayin rago. Wanda ya ga gashi a tasa, shi ke nan. In ya gama kuma a zuba masa ruwa ya wanke hannu da sabulu, a gabansu.

Akwai wani dogon yaro daga bayan Konduga, shi ya goyo ƙanensa har cikin gari. Ƙaramin ba ya iya barci sai ya riƙe rigar yayan. Da gemu ya fara tsiro wa yayan, sai ya dinga tsige shi da farce, yana leƙa wani fasasshen madubi. Haɓar ta yi ƙuraje, ta kumbura, har tana ruwa. Na kawo masa magani na ce ya daina. Ya ce in ya daina, wa zai kwana da ƙaramin?

Ƙurajen nan su suka tona shi. Shugaba ko taɓa shi bai yi ba, da bakin biro ya ɗaga haɓar, ya yi dariya, wai ga ƙato yana cinye abincin yara. Na ce, ranka ya daɗe, ina zai je? Kowa fa ya sani a lokacin, saurayin da ba shi da gida, ba mai shaidarsa, in aka tare shi a shingen jami'an tsaro ba lalle a sake ganinsa ba. Shugaba ya ce ba shi ya kafa doka ba, kuma malama iyakarta allo.

Yayan ya ƙi tafiya da ƙaramin, ya ce nan dai akwai tuwo da katifa. Aka miƙa masa tabarma da bokiti, har da ɗaukar hoto, wai an yaye shi. Ba kunya ba tsoron Allah.

Bayan 'yan kwanaki, da aka tashi daga aji, ƙaramin ya tsaya yana jirana. Da guntuwar Hausarsa ya tambaye ni me ake shafawa gemu ya fito da wuri. Na ce me zai yi da gemu, ɗan mitsitsi da shi?

Ya ce, "Malama, in ya fito ai ni ma za a kore ni, in je in nemo Yaya."