Kunnen Ɗan Akuya a Hadiƙar Unguwa

A Sa'alaba, unguwarmu ta baƙi a ƙasar Larabawa, babu tsakar gidan da za a hura wuta, don haka tatsuniyar kakarmu, wadda muke kira Sitti, sai ranar Alhamis, a lambun gwamnati da muke cewa hadiƙa. Shiga kyauta ce, kuma Baba yana girmama duk abin da yake kyauta. Mukan je da la'asar da darduma da tukunyar shinkafa da kaskon gawayi. In an sallame magariba Sitti ta ɗora shayi, mu kewaye garwashi.

Wata Alhamis, ina shekara bakwai, ina kan lilo sai wani yaro ɗan ƙasa ya ture ni, haɓata ta daki ƙarfe. Yayana Usman bai yi dogon nazari ba. Naushi ɗaya ya kai masa, haƙori ya faɗo cikin yashi, jini ya wanke farar rigarsa. Uban yaron ya taso yana kiran 'yan sanda da ƙarfi. A lokacin iƙamar Baba, takardar izinin zamansa, ta mutu, tana hannun kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ana jiran sabuntawa. Ko mu yara mun san lissafin: ɗan sanda zai tambayi takarda kafin ya tambayi wa ya fara, daga nan sai jirgi zuwa Chadi, ƙasar da ba mu taɓa gani ba.

Baba ya riga kowa isa wurin. Bai tambayi komai ba, ya ɗauke Usman da mari a kunnen hagu har ya kife. Ya zare bel ya shiga zabga masa, Usman na birgima cikin yashi, Mama ta juya baya ta toshe baki da mayafi. Bai tsaya ba sai da mutumin da kansa ya riƙe masa hannu yana cewa, "Halas, ya hajji, halas, yara ne." Maganar 'yan sanda ta mutu nan take.

Ba mu tafi gida ba, don tafiya za ta zama kamar gudu. Muka zauna a dardumarmu, shinkafa ta huce babu mai taɓawa. Sitti ta fifita garwashi, ta goge wa Usman jinin kunne da bakin zanenta.

"Ga ta nan, ta biyo mu har hadiƙa," in ji ta.

Babu wanda ya ce ta zo mu ji ta. Ba ta jira ba.

Wai akuya ce fari ya koro, ta sami masauki a garin kuraye ita da 'ya'yanta uku. Ran nan ɗan kura ya ciji autarta, sai babban ɗanta ya tunkuye shi, ya karya masa haƙori. Akuya ta jiyo kura tafe tana wasa baki. Kafin ta iso, uwar ta danne ɗanta, ta gatse masa kunne ta cire, ta tare ta da shi a hanya, jini na ɗiga daga gemunta. Ta ce, "Ranki ya daɗe, na fara miki." Kura ta ga jini ya riga ya zuba, ta haɗiye kunnen ta koma. Aka kwana akuyoyi huɗu.

Usman ya ɗago, ya tambaya ko kunnen ya sake tsirowa.

"Kunne ba ya tsirowa, yayan gida. Ita ma akuyar, har ta mutu ɗanɗanonsa bai bar bakinta ba." Ta faɗa tana kallon garwashi. Baba na gefen darduma ya ba mu baya. Sitti ta rufe tatsuniyar: "Ƙurunƙus kan ɓera, shi ma in takardarsa na raye."

Na yi shekaru ina koyarwa, na karanta littattafan tarbiyya da suka haramta dukan yaro, kuma na yarda da su. Sai dai ban ga wanda aka rubuta a garin kuraye ba. Ban ce Baba ya yi daidai ba. Sitti ma ba ta ce ba.

Usman bai ƙara ji sosai da kunnen hagu ba. Baba bai taɓa ba shi haƙuri da baki ba, bai kuma ƙara ɗaga wa kowa hannu ba. Amma daga ranar har ya rasu, a mota ko a masallaci ko wurin cin abinci, kullum sai ya zagayo ya zauna ta daman Usman, don kada wata rana ya yi magana ɗansa ya ce, "Me ka ce, Baba?"